Duse Muhammad Ali: Rayuwarsa da Ayyukansa (1866–1945)

Duk mai nazarin tarihin siyasar Arewa ba zai rasa cin karo da sunan jaridar Comet ta Kano ba. Sai dai ba kowa ya san cewa wanda ya kafa ta baƙo ne ba, wanda bai zauna a Nijeriya ba sai da furfura ta kama shi. Wannan mutum shi ne Duse Muhammad Ali.

Bisa ga abin da shi kansa ya rubuta, an haife shi a Iskandariya ta ƙasar Masar a 1866, mahaifinsa hafsan soja ne Bamisire, mahaifiyarsa kuwa 'yar Sudan. Tun yana yaro aka kai shi Ingila karatu, inda ya daɗe har Larabci ya kuɓuce masa. Da ya girma sai ya shiga sana'ar wasan kwaikwayo, ya kuma riƙa rubuce-rubuce a jaridu.

Sunansa ya fito ne a 1911, lokacin da ya wallafa littafinsa In the Land of the Pharaohs, wanda ya soki mulkin Ingila a Masar. Littafin ya sami karɓuwa, amma ba da jimawa ba aka gano ya ɗebo sassa daga littattafan wasu marubuta ba tare da ya ambace su ba. Wannan tabo bai rabu da shi ba.

Duk da haka bai karaya ba. A 1912 ya kafa mujallar African Times and Orient Review a Landan, domin mutanen Afirka da Asiya su sami bakin faɗar kokensu. A ofishinta ne Marcus Garvey, ɗan Jamaika, ya yi aiki yana saurayi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, hukumar Ingila ta sa masa ido saboda ƙaunarsa ga Daular Usmaniyya. A 1921 ya tafi Amurka, ya yi aiki da ƙungiyar Garvey, ya kuma gwada cinikin amfanin gonar Afirka ta Yamma, amma bai ci riba ba.

A 1931 ya sauka Legas, a 1933 kuma ya kafa Comet, mai fitowa mako-mako. A cikinta ya buga tarihin rayuwarsa kashi-kashi. Dattakunsa ya sa a watan Agusta na 1944 aka ba shi shugabancin taron da aka kafa NCNC. Ya rasu a Legas a watan Yuni na 1945, aka binne shi a maƙabartar Musulmi.

Jaridar ba ta bi shi kabari ba. Ta koma hannun kamfanin Nnamdi Azikiwe, aka mayar da ita Kano a 1949. Da aka kafa NEPU a 1950, a shafukanta ne su Malam Aminu Kano suka sami filin da Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ke hannun hukuma, ba za ta ba su ba. Ta haka ne aikin da baƙo ya soma a bakin teku ya zama makamin talakawan ƙasar Hausa, ko da yake shi bai rayu ya gani ba.