Sir John Houblon, Mai Riƙon Amana

A ƙarni na 16 tsanani ya taso wa masu bin tafarkin Furotesta a Faransa da ƙasashen da ke kewaye da ita. Waɗansu aka kashe, waɗansu kuwa suka bar gidajensu da dukiyarsu, suka ƙetare teku zuwa Ingila, gama sun gwammace hasara da su musanta bangaskiyarsu. Ana kiransu Huguenot. Cikin masu gudun nan akwai kakannin John Houblon, mutanen birnin Lille.

An haifi John a Landan cikin shekara ta 1632. Ubansa James babban attajiri ne, dattijo kuma cikin ikilisiyar Faransawa da ke titin Threadneedle. Ya goyi 'ya'yansa cikin tsoron Allah, ya koya musu ciniki da gaskiya. Sa'ad da John ya girma ya shiga fatauci ta jiragen ruwa zuwa Fotugal da Sifen, sunansa kuwa ya yi kyau a kasuwa.

A shekara ta 1694 Sarki William na Uku yana yaƙi da Faransa, baitulmali kuwa ya rasa kuɗi. Sai attajirai suka haɗa fam 1,200,000 suka ranta wa gwamnati, da haka aka kafa Bankin Ingila. Da aka nemi wanda za a danƙa wa wannan dukiya, aka zaɓi Houblon ya zama Gwamnan bankin na fari. A 1695 kuma aka naɗa shi Magajin Garin Landan.

Gwaji bai daɗe ba ya zo. Tsofaffin kuɗin azurfa sun lalace, domin mugaye suna yanke gefensu suna sayar da azurfar. A 1696 gwamnati ta janye su domin a buga sababbi, amma aikin ya yi jinkiri, kuɗi suka yi wuya a ƙasa duka. A watan Mayu jama'a suka taru a banki da takardunsu, kowa yana neman a biya shi nan take, abin da ke cikin ma'aji kuwa bai isa ba.

Houblon bai ɓuya ba, bai kuwa ruɗe su da zaƙin baki ba. Ya shaida musu za a biya kowa wani kashi a lokacin, saura kuma sa'ad da sababbin kuɗi suka fito. Jama'a suka yarda, bankin ya tsira. Saboda ƙwazonsa da gaskiyarsa a wannan ƙunci, aka ba shi kyautar babban kofin azurfa. Ya rasu a 1712. Daga baya aka gina bankin a wurin da gidansa yake, aka kuma sa hotonsa a takardar fam 50 daga 1994 har 2014.

Ya mai karatu, ka lura da wannan. Ranar tsoro maganar mutum ɗaya ta kwantar da taro, domin shekara da shekaru an san ba ya ƙarya cikin ciniki. Ba a samun irin sunan nan a yini guda. Wataƙila abin da ke hannunka kaɗan ne: mudun awo, ko ajiyar maƙwabci, ko bashin da ka yi alkawarin biya. Idan ka kasa biya duka, kada ka guje wa mai binka. Ka tafi wurinsa, ka faɗi gaskiya, ka ba da abin da kake da shi, ka cika saura a lokacinsa. Da haka waɗanda ba su taɓa jin wa'azi ba za su ga bangaskiyarka a kasuwa.