Oumarou Ganda: Tsohon sojan Indocina da ya mayar da tarihinsa fim

A gidanmu na Kalley, a birnin Yamai, akwai hoton ƙanen kakanmu sanye da kakin sojan Faransa. Abin da muka taso muna ji shi ne ya je yaƙin Indocina, ya dawo da kuɗi, kuɗin suka ƙare. Daga nan manya suke yin shiru. Ragowar labarin a fim ɗin Oumarou Ganda na same shi.

An haifi Ganda a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi Indocina, inda 'yan Vietnam suke yaƙin neman 'yancin kai. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954. Ganda ya dawo gida bai samu aiki ba, sai ya bi sahun matasan Nijar zuwa Abijan, ya kama dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. A ƙarshen fim ɗin ana ganinsa yana tafe da wani yaro, yana ba shi labarin yaƙin, yana faɗuwa ƙasa kamar wanda harsashi ya samu. Amma kyamarar ta Rouch ce.

Bayan shekara goma, a Yamai, ya shirya nasa da harshen Zabarmanci, mai suna Cabascabo, kuma shi ya fito a matsayin tsohon sojan. Dangi da abokai sun tarbe shi da murna, ya yi ta rabon kuɗi, aljihu na bushewa kowa ya watse. Ya nemi aiki, wanda ya samu kuwa ya ga bai dace da mutumin da ya sa kaki ba, daga ƙarshe ya nufi karkara. A ganina ƙarfin fim ɗin shi ne Ganda bai wanke sojan ba: an cuce shi, shi ma ya cuci kansa. Wani ɓangare na cutar kuwa a rubuce yake, domin tun 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsoffin sojojinta na ƙasashen da ta mallaka, aka kwashe shekaru sama da 40 ana biyansu ƙasa da takwarorinsu Faransawa.

An nuna Cabascabo a Cannes a 1969. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, yana da shekara 45. Cibiyar al'adu ta CCOG a Yamai sunansa take ɗauke da shi, haka ma kyautar da FESPACO ke bai wa wanda ya yi fice da fim ɗinsa na farko.