Muhammadu Al-Katsinawi: Masanin taurari da lissafi da Masar ta adana tarihinsa

A shekarar 1154 bayan Hijira, wato wajen 1741, wani malami Bakatsine ya rasu a Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Masar a wancan zamani. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. Maigidan da kansa ya ɗauki karatu a wurinsa, kuma a hannunsa mamacin ya bar littattafansa.

Al-Katsinawi ya tashi ne lokacin da Katsina ke cibiyar kasuwanci da ilimi, ya yi karatu a wurin malaman ƙasar Hausa da na Borno. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, daga nan ya zarce Masar, inda ya zauna yana koyarwa har ajali ya riske shi.

A 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙ, littafi kan ilimin haruffa da hatimi. Hatimi zane ne mai gidaje da ake jera lambobi a ciki, ta yadda jimillar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, za ta zo daidai. Mai gida tara yana ba da 15, mai gida 25 yana ba da 65. Ya shimfiɗa ƙa'idojin gina irin waɗannan mataki-mataki, aikin da masana tarihin lissafi ke nazari har yau. Littafinsa Durrul Manzum kuwa ya taƙaita wani aiki da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi kan taurari. Kamar yadda aka saba a zamaninsa, lissafin tafiyar taurari da ɗalasimai a haɗe suke a cikinsa. Ya kuma yi rubutu kan mandiƙi da nahawu.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya fito daga alƙalamin Abdurrahman al-Jabarti, ɗan maigidan nasa, masanin tarihin da aka haifa fiye da shekara goma bayan rasuwar malamin. Akwai kwafin littafinsa na hatimi a ɗakin karatu na SOAS a Landan, kuma Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatun Turanci a 1973.

Ɗalibin Katsina ko Gumel kan gama sakandare bai taɓa jin sunansa ba. Alhakin wannan na wuyan masu tsara manhaja, da hukumomin da aka damƙa wa amanar rubutattun littattafan magabata.