Sarauniya Victoria

Victoria (24 ga Mayu, 1819 – 22 ga Janairu, 1901) sarauniyar Birtaniya ce da ta hau mulki a 1837. Ta auri Yarima Albert a 1840, suka haifi 'ya'ya 9.

Makoki da kayan ado

Albert ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1861. Daga nan Victoria ta ci gaba da sanya baƙaƙen kaya har ƙarshen rayuwarta. Kayan adon makoki sun girme ta, amma a zamaninta suka fi yaɗuwa, domin jama'a sun yi koyi da fada. Kasuwar jet ta bunƙasa, wato baƙin dutse mara nauyi da ake haƙowa kusa da garin Whitby, ana sassaƙa sarƙoƙi da 'yan kunne da shi. Baƙi alamar baƙin ciki ne, lu'ulu'un teku kuma alamar hawaye. Akan adana gashin mamaci cikin zobe ko abin wuya, saboda gashi ba ya saurin ruɓewa.

Rasuwa

Ta rasu a tsibirin Wight. An binne ta kusa da Albert a Frogmore, cikin farar riga da mayafin aurenta.