Ibrahim Narambaɗa Tubali: Makaɗin da Ya Auna Waƙarsa da Kansa

An haifi Ibrahim Narambaɗa a garin Tubali na ƙasar Isa, a tsohon lardin Sakkwato. Mahaifinsa, Maidangwale, ba makaɗi ba ne. Ta wajen mahaifiyarsa ya gaji kiɗa, domin a ɗakinta ya tarar da kotson da ya zama abokin rayuwarsa. Laƙabinsa kuwa ya samo asali ne daga wata karya da ya riƙe mai suna Rambaɗa.

Da kiɗan noma ya fara, yana zuga manoma a gonaki. Daga nan ya koma waƙar sarauta, har ya tare a fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa, wanda ya zama ubangidansa har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ƙaura daga gona zuwa fada ba ta raba shi da hotunan karkara ba: ruwa, doki, namun daji da aikin gona su ne tubalan da ya riƙa gina yabo da zambo da su, cikin karin harshen Hausar yamma.

Abin da ya bambanta shi da yawancin makaɗan fada shi ne yadda ya mayar da sana'arsa abin magana a cikin waƙa. A Bakandamiya, wadda ya yi wa Amadu, bai tsaya ga yabon sarki ba. Ya fifita waƙar bisa sauran waƙoƙinsa, ya ɗora kansa a matsayin malami, ya kuma nuna cewa waƙa ilimi ce da ake koyo, a tsara, a tace. Kalmar bakandamiya kuwa ta zama sunan fitaccen aikin kowane mai fasaha.

Ya rasu a farkon shekarun 1960. Manazarta, ciki har da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza da ya rubuta littafi sukutum a kansa, sun bi diddigin rayuwarsa da salonsa. Sai dai har yanzu akan jefa irin waɗannan ɗiyan waƙa cikin kason kirarin kai kawai. Yin haka asara ce, domin a cikinsu ne makaɗin ya bayyana ma'aunin da yake auna waƙa da shi. Ya kamata mai neman ra'in adabin baka na Bahaushe ya saurari wannan ma'auni kafin ya ɗauko na aro.