Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837): Sarki Mai Bincike da Ya Tabbatar da Masarautar Kazaure

Gabatarwa

Duk wanda ya san tarihin ƙasarmu ya san Ɗantunku ne ya kafa masarautar Kazaure, ɗansa Dambo kuma ya zaunar da ita a garin Kazaure. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne sunan wanda ya yanke hukuncin da ya sa masarautar ta tsaya da ƙafafunta, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yawancin abin da ake karantar da yara game da shi bai wuce yaƙe-yaƙe da shekarun sarauta ba. Amma wannan bawan Allah ya yi rubutu a kan magani, da tarihi, da labarin ƙasa, da tsarin mulki, ya nazarci lissafin awo, ya kuma zana garuruwa ya gina su. A yau da 'ya'yanmu na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa suka cika manyan makarantu, ya kamata su san cewa bincike ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kuma akwai wanda ya riga su nuna abin da ake yin sa dominsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, a gidan da kusan kowa malami ne, maza da mata. Ya yi karatu wurin mahaifinsa Shehu, da baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da yayansa Muhammadu Sa'adu, da wasu malaman jama'ar. Ya ƙware a nahawu da luga da fiƙihu da hadisi da tafsiri tun yana saurayi, har ya zama ɗaya daga cikin masu rubuta wa Shehu wasiƙu.

Yana da kimanin shekara 23 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Ya halarci yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekara, ya ga asarar da aka yi a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka rasu, sannan yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Abin lura a nan shi ne, shekarun da wani zai ce babu sukunin buɗe littafi, su ne shekarun da ya riƙa tara wasiƙu da labarai, waɗanda daga baya suka zama ginshiƙin babban littafinsa na tarihi.

Marubucin Tarihi da Labarin Ƙasa

A shekarar 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri. Bai fara littafin da labarin gidansu ba. Ya fara ne da bayanin ƙasashe, tun daga Wadai da Bagarmi da Barno, zuwa Ahir da ƙasar Hausa da ƙasar Yarbawa, har Sanwai da Mali, yana faɗin mutanen kowace ƙasa da malaman da suka yi fice a cikinta. Bayan haka ne ya shiga rayuwar Shehu da yadda jihadi ya gudana.

Akwai wata ɗabi'a a cikin wannan littafi da ta cancanci ɗalibai su tsaya a kanta. Shehun Barno, Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi, ya rubuto wasiƙu masu zafi yana ƙalubalantar hujjar yaƙin da ake yi da Barno. Bello bai ɓoye waɗannan wasiƙu ba. Ya kawo su a cikin littafinsa, sannan ya biyo su da amsoshin da aka mayar. Da ya ga dama da ya bar hujjar abokin jayayyarsa ta ɓace, amma ya ajiye ta domin mai karatu ya auna da kansa. Wannan ita ce amanar ilimi, kuma saboda ita ne masana tarihi har yau ba su iya rubutu a kan wancan zamani ba tare da sun koma gare shi ba. An fassara littafin zuwa Turanci a 1922, aka kuma buga nassinsa na Larabci a Landan a 1951.

Hukuncin Kazaure

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a yana da kimanin shekara 36. Ya tarar da ƙasa mai faɗi wadda ba ta gama zama ba, ga tawaye a kusa da gida, ga saɓani tsakanin shugabannin jama'a a nesa. Ɗaya daga cikin irin wannan saɓani shi ne namu.

Ɗantunku ya karɓi tuta tun zamanin Shehu, ya kuma taka rawa a yaƙe-yaƙen arewacin Kano da ƙasar Daura. Da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, Ɗantunku bai yarda ya zauna ƙarƙashinsa ba, aka shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa, ƙauyuka suka watse, noma da fatauci suka tsaya. A 1824 rundunar Kano ta kai har cikin duwatsun Kazaure, aka kuma mayar da ita, ba wanda ya iya gamawa da wani. Daga nan ɓangarorin biyu suka kai maganar gaban Sarkin Musulmi. Bello ya duba asalin lamarin, ya tabbatar da cewa Ɗantunku ba ya ƙarƙashin Kano, aka shata iyaka, aka ajiye makamai. Ba a daɗe ba Ɗantunku ya rasu, Dambo ya gaje shi. Abin da takobi ya kasa yankewa cikin shekara biyar, bin diddigin hujja ya yanke shi, kuma zumuncin da ke tsakanin mutanen Kazaure da maƙwabtansu na Ɗambatta da Ɓaɓura ya samu ƙasar da zai tsiro a kai.

Bincikensa a Kan Magani

Ana lissafa wa Bello rubuce-rubuce fiye da ɗari, kuma wani kaso mai kyau daga cikinsu a kan lafiyar jiki yake. Ya rubuta littattafai da suka tattara abin da ya zo a hadisai game da magani, ya taƙaita ayyukan malaman da suka gabace shi domin ɗalibi ya samu sauƙin ɗauka. Bai tsaya a nan ba. Ya ware littafi guda a kan cutar basir da magungunanta, wani a kan ciwon ido, wani kuma a kan ganyen filasko da yadda ake amfani da shi wajen wanke ciki.

Mai karatu ya dubi waɗannan cututtuka da kyau. Ba cututtukan wata ƙasa mai nisa ba ne. Su ne ke damun mahayin doki da manomi da makiyayi a ƙasar rana da ƙura. Ke nan tambayarsa ta taso ne daga abin da ya gani a jikin mutanensa, sannan ya koma cikin littattafai yana nemo amsa. Babu shakka iliminsa na zamaninsa ne, kuma ba a ce mara lafiya ya bar asibiti ya koma ga takardun shekara ɗari biyu ba. Amma abin sha'awa ne cewa irin wannan ganye na filasko har yau masu haɗa magunguna na zamani suna sarrafa shi su yi maganin taurin bayan gida.

Bai kuma raina ilimin wasu ba. A 1824 wani matafiyi ɗan ƙasar Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, wanda mutanen nan suka sani da suna Abdullahi, ya isa Sakkwato. A wasiƙar da Bello ya ba shi zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, cikin abubuwan da ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa.

Lissafi, Taurari da Taswira

Abin da wannan baƙo ya rubuta ya nuna mana wani gefe na Bello da ba a cika ambata ba. Da ya nuna masa kayan awon taurari, sai ya tarar Sarkin ya san sunayen buruji da na taurari masu yawa da Larabci, yana ta tambaya a kan yadda kowane abu ke aiki. An kuma ba baƙon taswirar ƙasar da ta nuna yadda kogin Kwara ya bi, tare da wani yanki na bayanin ƙasashe daga littafin Bello, aka buga su a Landan a 1826, a lokacin da Turawa ke ta gardama a kan inda kogin ya nufa.

Da ya dawo karo na biyu, cikin tsarabar da ya kawo akwai littafin Yuklid na Larabci, wato littafin malamin Girka da ya tsara ilimin awon layi da kusurwa da da'ira, ilimin da magini da injiniya da mai awon fili ba su da abin yi sai da shi. Wata safiya ya shiga wurin Sarki ya same shi zaune da littafin a gabansa. Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafinsa, wanda wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma ya ƙone a wata gobara. Ziyarar ba ta ƙare da daɗi ba, domin ana cikin yaƙi da Barno, Sarki ya hana baƙon wucewa can da kaya, ga shi kuma rashin lafiya ta kama shi har ya mutu a Sakkwato a watan Afrilun 1827. Duk da haka shaidarsa ta tsaya: shugaba mai yaƙi a gabas da arewa ya samu lokacin zama da littafin lissafi.

Gina Garuruwa da Tsara Su

Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809, a kan tudu kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu ya faɗaɗa ganuwar saboda jama'a sun yi yawa. Wanda ya ga birnin a 1824 ya bayyana shi da tituna a tsare, da ganuwa mai ƙofofi 12, da manyan masallatai biyu.

Babbar dabararsa ita ce ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka. Ya kafa irinsu Wurno da Gandi da Shinaka da Lajinge, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu, ya zaunar da makiyaya da mayaƙa da bayi, aka buɗe gonaki da makarantu. Garin ya zama kariya, ya zama kasuwa, ya zama wurin karatu. Shi da kansa ya zaɓi zaman Wurno a ƙarshen rayuwarsa.

Ya kuma rubuta wannan tunani domin sarakuna. A littafin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa haƙƙi ne a kan shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa da mahauta da masu magani, ya ga kowane gari ya samu rabonsa daga cikinsu, ya gina ganuwa da gadoji, ya gyara kasuwanni da hanyoyi, ya sa a tanadi abinci. A wani littafin, Tanbihus Sahib, ya yi bayanin darajar neman na kai da munin zaman jiran a ba ka. An kuma shaide shi da cewa daga abin da ya nema da hannunsa yake ci, ba daga baitulmali ba.

Rasuwarsa

Bayan nasarar Gawakuke a 1836, rashin lafiya ta kama shi. Ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, yana da kimanin shekara 56, bayan ya yi shekara 20 a kan mulki, kuma a can kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Ƙanwarsa Nana Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima sun yi aikin tattara tarihinsa da adana rubuce-rubucen gidan. A yau ana samun kwafin littattafansa a ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da jami'o'in Zariya da Kano.

Kammalawa

A wurin Bello, magani da tarihi da lissafi da tsara gari duk hidima ɗaya suke yi, wato gyara zaman mutane. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021, ga 'ya'yanmu a jami'o'in ƙasar nan suna rubuta kundin kammala karatu kowace shekara. Tambayar ita ce, nawa ne daga cikin waɗannan kundaye suka dubi yadda za a samu ruwan sha a ƙauyukan da ke kan dutse, ko zaizayar ƙasa, ko zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yara kowace damina, ko sababbin unguwannin da ake yankawa babu magudanar ruwa?

Shawarata ga ƙungiyarmu guda biyu ce. Ta farko, cikin tallafin da ake ba ɗalibai a ware wani kaso ga wanda bincikensa ya shafi wata matsala ta yankin nan, da sharaɗin ya kawo kwafi, ya kuma yi wa jama'a bayaninsa da Hausa a taron shekara. Ta biyu, a bi gidajen malamai da na sarauta, da yardar masu su, a ɗauki hoton tsofaffin takardun da ke cikin gafaka da adaka kafin gara da ɗigon ruwa su cinye su. Gobara ɗaya ta raba gidan Shehu da littafin da aka ɗauko tun daga Makka, to ina ga namu da ba su da kwafi na biyu?

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da magabatanmu baki ɗaya, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.