Dokta Cicely Williams da Ciwon Yaron da Aka Yi wa Ƙane

Yawancinmu mun ji sunan kwashiyoko a darasin kimiyya, amma kaɗan ne cikinmu suka san matar da ta shigar da sunan cikin littattafan likitoci. Ita ce Dokta Cicely Williams, wadda aka haifa a tsibirin Jamaika ranar 2 ga Disamba, 1893. Ta yi karatu a Jami'ar Oxford ta Ingila a zamanin da mata likitoci ba su da yawa, ta gama a 1923. A 1929 gwamnatin Ingila ta tura ta ƙasar Gold Coast, wato Gana ta yau.

A asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Accra ta riƙa ganin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja, fata tana salewa, ba wasa sai kuka, kuma da yawa suna mutuwa. Abin da ya fi burge mu game da ita shi ne ba ta raina iyaye mata ba. Ta tambaye su, suka gaya mata sunan ciwon da harshen Ga, ma'anarsa kuwa ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Mu ma a nan mun san abin da kwanika ke jawowa. Da ta bi diddigi sai ta ga an cire yaran daga nono, an bar su da kokon masara kaɗai. Ta rubuta rahoto a 1933 tana zaton rashin furotin ne ko wani amino asid, a 1935 kuma ta buga sunan kwashiyoko a mujallar Lancet.

Shi furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da jini da fata, kamar katanga yake, amino asid kuwa su ne tubalansa. Iri 20 ne. Jikinmu yana iya haɗa 11 da kansa, amma 9 dole sai daga abinci, kuma idan ɗaya ya yi ƙaranci gini ya tsaya ko da sauran suna nan tuli. Masara ba ta da isasshen laisin da tiriftofan. Gero da dawa da muke nomawa a Dutsin-Ma da Kurfi su ma laisin ɗinsu kaɗan ne, amma wake da waken suya da nono suna da shi sosai. Ashe kakanninmu da suka haɗa fura da nono, ko koko da ƙosai, sun yi daidai ba tare da sun ga ɗakin gwaji ba. Kifin Dam ɗin Zobe ma yana ɗauke da duk taran.

Wani babban likita a Ingila, Dokta Hugh Stannus, ya musa, ya dage cewa ciwon filagira ne kawai. Ita kuwa ta nuna cewa madara tana warkar da yaran. Binciken baya ya ƙara da cewa ƙyanda da gudawa da ƙwayoyin halittar cikin hanji su ma suna da hannu, amma siffar ciwon da ta bayyana tana nan yadda take.

A 1936 aka mayar da ita Malaya. Can ta tarar ana tallata wa uwaye madarar gwangwani a madadin nono, jarirai suna mutuwa, sai ta yi jawabi mai zafi a kan haka a Singafo a 1939. Da Japanawa suka ci birnin a 1942 suka kulle ta a kurkukun Changi, inda ta ci gaba da duba mata da yara, ta sha yunwa da azaba har ƙarshen yaƙi a 1945.

A 1948 ta zama shugaba ta farko ta sashen lafiyar uwa da yaro na Hukumar Lafiya ta Duniya, daga baya ta koyar a Landan da Beirut. Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.